Muryar Aro a Wayar Inna Zinatu

In ka bi ta unguwar Guéma a Parakou da hantsi, ka wuce kasuwar shanu kaɗan, za ka ga wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa, da wani siririn mutum a ciki ya duƙufa kan odinatar, wato kwamfuta, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Zailani ke nan. Ba ya hana kowa kujera, ba ya hana kowa cajin waya. Gyara zama ka ji yadda ta kasance da shi, amma kada ka jira irin ƙarshen nan na hirar tsakar gida da mai wayo ke sulalewa ya tsira.

A Djougou aka yanke masa cibiya, a tsohuwar unguwar fatake, gidan da kakanni suka yi ta sauke goro har ƙamshinsa ya kama bango. Shi ne auta. Uban ya rasu yana ƙarami, saboda haka duk abin da ya sani na zaman duniya a bakin uwarsa ya fara jin sa, Inna Zinatu, wadda unguwa ke kira Inna Mai Tukwane.

Tukwanen ba nata ba ne ita kaɗai. Manya ne na dalma, na dafa wa taron suna da biki da sadaka, matan unguwa suka haɗa hannu suka saya tun zamanin surukarta, aka ajiye a ɗakin da ke jikin zaurenta. Wa zai sayi tukunyar da sai mutum biyu sun kama ta, don sunan da ba kullum ake yi ba? Sai a aiko wurin Inna a ara. Ƙa'ida biyu ce, kuma duk amaryar da aka kawo unguwar tana jin su kafin ta san hanyar rijiya. Ba a mayar da tukunya wayam. Ko goro ne, ko guntun sabulu, ko ƙullin gishiri, a jefa ciki. Sannan in ta tsage a hannunki, ba ki da ikon kai ta wurin maƙeri da kanki. Ki ɗauko ta yadda take ki nuna wa mai ajiya, ita za ta ce a gyara ko a bari. An taɓa yin wata da ta sa aka liƙe tsaga a ɓoye, ranar wani biki liƙin ya buɗe, miya ta kashe wuta a gaban baƙi. Tun daga ranar Inna ba ta wasa da wannan magana.

Zailani ya yi lakwal, wato boko, ya gangaro Parakou, ya kama aiki a wani gidan intanet kusa da Gare, tashar jirgin ƙasa, yana buga wa direbobin manyan motoci takardu. Nan ya koyi rubuta manhaja, rabi da tambaya, rabi da naci. Da farko komai da hannunsa yake ƙerawa. Ya taɓa cinye damina guda yana koya wa wata manhaja lissafin kwanan wata, har da shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana, in ya toshe nan can ta ɓulle. Ran nan Firdausi ta leƙa ta bayansa. 'Yar wani mai shagon atamfa ce, ta yi jami'a, tana zuwa wurin don intanet ɗinsu ya fi na gidansu gudu.

"Malam Zailani, wa ya aike ka wannan wahala?"

Ta ja kujera, ta buga layi ɗaya, abin da ya hana shi sakat duk damina ya tsaya cak ya yi daidai.

"Bibiliyotek ke nan," in ji ta. "Ba ta littattafai ba. Wani ya sha wahalar ya gama, ya ajiye a fili, ya ce duk mai so ya ɗauka. Kai kira kawai za ka yi ta amsa. In kuma ya gano kuskure ya gyara, duk mu da muka ɗauka gyaran ya iso mu."

Zailani ya tuntsire da dariya. "Ashe su ma suna da Inna Mai Tukwane."

Ta nuna masa fulogin ma, wato ɗan ƙarin da ake maƙala wa manhajar da ta riga ta tsaya da ƙafarta, ya ƙara mata aiki ba sai an rushe ta ba, kamar rumfar da ake jingina wa ɗaki. Daga nan hannunsa ya saki. Aikin da a da zai ci wata da watanni ya koma na mako. Yana son taswira don direbobi, wani ya riga ya zana. Yana son hoton bijimi ya ƙanƙance ya wuce ko rezo, wato sabis ɗin waya, na rarrafe, wani can ƙarshen duniya ya riga ya yi. Shi nasa shi ne ya san me mahauci ke so da me direba ke so, ya harhaɗa. Ba a jima ba shi da Firdausi suka buɗe shagon nan mai shuɗiyar ƙofa.

Ana nan, ciwon sukari ya ci idon Inna. A hankali ya ci, hazo-hazo, har ranar da ta gaisa da turmi tana zaton maƙwabciyarta Nana ce a tsugune. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aure nesa. Yayansu Usaini, dillalin shanu a Guéma, mutum ne mai yanke magana kamar yadda yake yanke ciniki. Ya ce a kawo ta Parakou, ya share mata ɗaki.

Inna ta ce ba inda za ta. "A gidan nan ko ba ido na san kowane tudu. Can gidan mai shanu ko randa sai an kama hannuna. Kuma tukwanen mutane in bar wa wa?"

Usaini ya ja ƙanensa gefe. "Auta, ni ban san injinanku ba. Magana ɗaya nake da ita. Muddin tana shan maganinta daidai, ta zauna. Ranar da ta sha ba daidai ba, ranar zan turo mota, ko za ta yi fushi da ni har Sallah."

To, wayoyi suna da murya mai karanta wa makafi, amma da Faransanci take yi, Inna kuwa daga Hausa sai Dendi. Wadda ta iya Hausa sai da rezo mai ƙarfi, rezo kuma a ɗakin Inna baƙo ne, yau ya zo gobe ya ƙi. Zailani ya shiga nema. Ya samo bibiliyotek mai lissafin lokutan salla. Ya samo fulogin da ke jin na'urar gwajin sukari ya karɓo lambar. Ya samo mai sa duk fuskar waya ta zama manyan wurare huɗu da yatsa ba ya ɓata. Saura murya. Can a wani lungu na intanet ya tarar da ita: wani mai suna Sanoussi, ba hoto, ba gari, ya ɗauki muryar wata mace tana karanta dubban jimloli da Hausa, ya tace, ya ƙera bibiliyotek da ke mayar da rubutu magana ba sai da rezo ba, ya ajiye kyauta. Zailani ya ɗauki gamammiyar, wadda aka riga aka dafa, ya saka. Ɗanyun kayan da aka dafa ta da su suna can shafin Sanoussi, bai ga dalilin kwaso su ba. Wa ke aron tukunya ya ce a haɗa masa da maƙera?

Ranar da ya kai mata, Inna na zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Wayar ta ce, "Inna, lokacin maganin rana ya yi. Kwalba mai zare biyu."

Hannunta ya tsaya. "Wace ce wannan?"

"Waya ce, Inna."

"Na san waya ce, ai ban haukace ba. Yarinyar da ke ciki nake tambaya. 'Yar Damagaram ce, ji yadda take jan magana. Ke, kin gaishe ni kafin ki aike ni shan magani?"

Dole ya koma ya sa mata gaisuwa a farkon kowace magana.

Shekarun da suka biyo, kai, sun yi daɗi. 'Yar Damagaram ke faɗa mata wa ke kira. Ita ke cewa Nana ta turo saƙon murya, taɓa sama ki ji. Ita ke cewa azahar ta yi, ko sukari ya sauka, ki ci wani abu tukuna. Inna ta koyi soka yatsa da lalube, ta ɗaura wa kwalaben magani zare don ta bambanta su. Matan unguwa suka ci gaba da aiko aro, ita kuma tana shafa kowace tukunya da tafin hannu in an dawo da ita, tsagar da mai ido bai gani ba ita sai ta ji. In Zailani ya zo ƙarshen wata yakan tarar da su suna faɗa, ita da wayar, ita ce dai ke yin faɗan ita kaɗai.

Amma waya ba tukunyar dalma ba ce. Batir ya kumbura, ta fara mutuwa da tsakar rana. Zailani ya sayo sabuwa fil, ya juye komai. Lokutan salla suka hau. Fulogin na sukari ya hau, don masu shi suna nan suna bin zamani. Muryar ce ta ƙi. Sababbin wayoyi sun sauya tsarin cikinsu, ba sa karɓar abin da aka dafa wa tsofaffi. Sai an ɗauko ɗanyun kayan an taɓa nan da can an sake dafawa. Ya duba shafin Sanoussi, ya ga rabon mutumin da ya ce uffan an daɗe ƙwarai.

Da ya rufe bakinsa ya yi aikinsa, da ba a kai ga wannan labari ba. Amma Zailani ɗa ne da ba ya ɓoye wa uwarsa komai. Ya je Djougou ya zauna gabanta ya warware mata, har da cewa zai buɗe cikin abin ya gyara.

"Naka ne?" in ji ta.

"Na wani Malam Sanoussi ne. Amma ya rubuta cewa kowa na iya..."

"Na ji. Ni ma kowa na iya ara a wurina. Ka tambaye shi?"

"Inna, ba a tambaya a irin wannan."

"A gidan wa ba a tambaya? Ta tsage a hannunka, ka kai wa mai ita ya gani. Mutum ya ba ka muryar matarsa, ko ta ƙanwarsa, ko ta uwarsa, Allah ne masani, ka ce za ka farke ta ka ɗinke bai sani ba? Auta, ba da nonona ba."

Ya san abin da ƙa'idar bibiliyotek ta ce, baƙi a kan fari: kowa na iya ɗauka ya gyara. Amma da ta ambaci muryar uwar wani, sai ya yi mata alkawari ba zai taɓa ba sai ya tambaya. Ya koma Parakou ya rubuta wa Sanoussi a shafin nasa. Ya fara da sallama, ya tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, sai can ƙasa ya kawo buƙata, ya nemi izini.

Firdausi ta karanta ta riƙe ciki. "Malam, neman aure ka je? Écoute, saurara, mutumin ya riga ya ba duniya izini tun ranar da ya ajiye. Kwaso kayan yau ka aje, in ya so ka yi ta gaishe shi har Mahadi ya bayyana."

"In na kwaso zan taɓa. Na san kaina. Na kuma yi wa Inna alkawari."

"To ni in kwaso."

"Ke da ni a shagon nan wa ya raba? Bari dai ya amsa. Mutumin da ya yi wannan alheri ba zai ƙi amsa sallama ba."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan aikin wani kantin magani da ke jiran su, maganar ta fita ranta.

Shiru. Ya sake rubutawa da Faransanci. Shiru. Kafin nan sai ya koma farautar tsofaffin wayoyi. Duk mai gyaran waya daga Gare har kasuwar Arzeke ya san shi. In sun hango shi sai su ce ga mai sayen gawa ya zo. Ya ɗauki batir a wannan, gilashi a waccan, ya tayar da ɗaya ya hau mota ya kai Djougou. Ta yi 'yan makonni ta mutu, ya tayar da wata. Usaini dai na kallo.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata safiya Zailani ya buɗe shafin don ya ga ko an amsa, sai ya tarar da tallan takalma. Ya sake buga sunan a hankali, harafi bayan harafi. Takalma dai. Wa'adin shafin ya cika, ba wanda ya sabunta, wasu sun saye sunan. Ɗanyun kayan, muryoyin da aka ɗauka, bayanin yadda aka haɗa, har da sallamarsa, duk sun tafi.

Firdausi ba ta yi masa dariya ba. Ta ajiye aikinta suka shiga tono. Suka tambaya a zaurukan masu manhaja daga Cotonou har Yamai. Aka samu mutum uku da suka san muryar, wani ma yana koyar da yara karatu da ita. Dukkansu gamammiyar suka ɗauka. Kowa ya zaci wani ya ajiye ɗanyen. Ba kuma wanda ya san ko Sanoussi tafiya ya yi, ko gajiya, ko kuwa ƙasa ta rufe masa ido.

"Bon," in ji Firdausi, "mu ƙera tamu. Mu ɗauki muryar Inna da kanta."

Suka je da abin ɗaukar magana. Inna ba ta karatu, sai Zailani ya faɗi jimla ta maimaita. Ta yi 'yan kaɗan numfashi ya gaza, ga zakaran Nana ya ƙi yin shiru, ga dubbai na jira. Ko da an gama ɗauka, tacewar aiki ne da su biyun ba su taɓa yi ba, injinsu ma ba zai ja ba. Inna ta ture abin daga bakinta.

"Ni in zauna ina jin kaina ina aiken kaina shan magani? Na san abin da zan ce ai. Ku dawo mini da yarinyata."

Wayar ƙarshe ta mutu ranar wata Talata bayan sallar asuba, ba sallama. Inna ta koma ta kishingiɗa, ta farka, ta jira gaisuwa ba ta ji ba. Ta kasa tuna ko ta sha na safe. Ta lalubi kwalba mai zare ɗaya ta sha, ashe ta riga ta sha, ga ciki wayam. Nana ce ta shigo aron tukunya ta tarar da ita jingine da ƙofar ɗakin tukwane, gumi ya jiƙa mata zane, tana magana ba kai. Aka ɗura mata ruwan sukari, aka kai ta asibiti, Allah ya sa da sauran kwana.

Usaini bai ɗaga murya ba. A ƙofar asibitin ya dubi ƙanensa ya ce, "Auta, na yi maka haƙuri ko ban yi ba?"

"Ka yi, Yaya."

"To."

Ranar tashi Inna ta sa aka fito da tukwanen tsakar gida. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ta nuna wa Nana mai kunnen da ke motsi, da wadda ba ta son wuta mai yawa. Ta maimaita mata ƙa'idodin nan biyu, Nana da ta san su tun tana amarya ta ce to, to, tana share ido da bakin mayafi. Zailani na tsaye da jakarta a hannu. Yana da abin faɗa game da ƙa'ida ta biyu, amma ya dubi uwarsa ya haɗiye.

Yanzu tana gidan Usaini. Ana kula da ita, ba laifi, magani a kan lokaci, matar gidan mutuniyar kirki ce. Sai dai ko randa sai an kama hannunta, kamar yadda ta faɗa. Sabuwar wayar na yi mata Faransanci ta tura ta ƙarƙashin matashi. Saƙon matan Djougou ya ja baya, don mai neman tukunya wurin Nana yake zuwa.

Muryar ba ta mutu gaba ɗaya ba. A odinatar ɗin shago Zailani ya iya yaudarar ta, ya sa ta zaci tana cikin tsohuwar waya. Ba ta san lokacin magani ba, ba ta san wa ke kira ba, abin da ya buga kawai take faɗa. Wata ranar Juma'a da la'asar ya ɗauko Inna a zemijan, babur ɗin haya, ya zaunar da ita a kujerar baƙi, ya buga.

"Inna, ina wuni? Ina gajiya?"

Fuskar tsohuwar ta buɗe. "Lafiya lau, 'yar nan. Kin ga inda suka kawo ni." Ta saurara ko za a ƙara. Zailani ya ɗora yatsu kan madannai ya rasa me zai sa ta ce.

Can Inna ta juyo wajen da take jin numfashinsa. "Auta, duk shekarun nan da muka yi da yarinyar mutane, me ka sa wa Malam Sanoussi a tukunyarsa?"

Ya tuna cewa kafin ranar da ya je da buƙata, ko sannu bai taɓa rubuta wa mutumin ba. Firdausi ta sunkuyar da kai kan nata aikin. Inna ba ta sake tambaya ba. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro farin goro guda, ta lalubi tebur ta ajiye kusa da injin.

"Ajiye masa. In ya dawo ka ba shi, ka ce daga Djougou."

In ka shiga shagon cajin waya za ka gan shi gefen odinatar, ya bushe ya yi ja ya ƙanƙance. Masu zuwa sukan miƙa hannu, Zailani ya ce a bari, na wani ne.